Tsamiyar Shamuwa

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya. Babu wanda ya san wanda ya shuka ta. Kaka ta ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya haka ta tarar da ita, sai dai ta ƙara kauri. Ƙauyenmu yana kudu da Gure, a bakin wani kwari irin waɗanda duk ɗan yankin nan ya sani: wuri mai zurfi a tsakiyar tuddan rairayi, goriba ta zagaye shi, dabino a ciki, sai garake na rogo da albasa da rake, can tsakiya kuma farar ƙasa mai kanwa. Daga gindin tsamiyar kana hango tudun rairayin da ke gabas da kwarin, wanda kowace shekara yake ƙara matsowa kamar mai bin bashi.

Idan bazara ta kusa ƙarewa, zafi ya hana kowa kwana a ɗaki, sai wata safiya mu tashi mu ga shamuwa a kan tsamiyar. Ɗaya ko biyu ke fara zuwa, bayan kwana kaɗan sauran su biyo. Tsofaffi su ce alhamdu lillahi, ruwa ya kusa, kowa ya fiddo irinsa ya gyara kayan shuka. Kowa murna yake yi ban da ni, domin na san aikina ya dawo.

Aikin kuwa shara ce. Tun ina ɗan shekara bakwai Kaka ta ɗora mini sharar gindin tsamiya. Wanda bai taɓa tsayawa ƙarƙashin itacen da shamuwa ta yi sheƙa goma a kansa ba, ba zai gane abin da nake faɗi ba. Ƙasa ta yi fari fat da kashi, ga fukafukan fara, ga guntayen kwaɗi da ƴaƴan suka zubar, ga wani wari mai shiga hanci har ido ya kawo ruwa. Nakan tara sharar a tsohon kwano in kai wani rami da Kaka ta sa aka haƙa a gefen danga. Ita kuma ta zuba toka da kashin awaki da busasshen ganye a kai, ta rufe da ƙasa. Abokaina suka sa mini suna Sarkin Shara, kuma sunan ya bi ni har lakwal.

Ramin nan ba a buɗe shi sai hunturu. Lokacin abin da ke ciki ya zama baƙi, ya daina wari, sai a zuba a mangala a ɗora wa jaki a kai garkar Kaka a kwari. Albasarta da kabewarta sun yi suna a ƙauyen. Mata kan ce hannunta ne ke da albarka, ita kuma ta yi dariya ta ce Allah ne. Wata rana na ce mata, tunda garka za a kai, me zai hana in kai kai tsaye in huta da aiki biyu? Ta ce, "Maigidana, ɗanyensa wuta ne. Sai ya kwana ya huce. Dubi gindin itacen, ka ga ko ciyawa ɗaya?" Na duba, babu. Sai ta nuna mini gangaren da ruwan sama ke bi idan ya wanke gindin tsamiyar. Nan kuwa tafasa da rama da ciyawa sun yi kore shar, har duhu-duhu, sun fi na ko'ina a bayan gari tsawo. Na gani, amma ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Akwai abin da na yi wanda har yau nake jin kunyarsa. Ina da shekara goma sha biyu, na gaji da sunan Sarkin Shara, sai na ɗauki danƙo da tsakar rana, lokacin da kowa ke hutawa, na dinga harbin sheƙar da ta fi kusa da ƙasa. Nufina su ji tsoro su canza itace. Wani ɗan shamuwa da bai iya tashi ba ya faɗo, ya yi ta shure-shure har ya daina. Kaka ce ta fara fitowa. Na zaci duka zan sha. Ta daɗe tana kallon tsuntsun, sannan ta ce, "Duk baƙin da ke sauka gidan nan, ita kaɗai ke biyan kuɗin masauki, ita ka ga ya dace ka kora?" Ta sa na haƙa rami na binne shi da hannuna. Wallahi da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Daga nan na tafi Gure karatu, na gama kwaleji da lise, na samu bak, Allah ya kai ni jami'a a Damagaram, sashen nazarin ƙasa. Shara ta koma hannun ƙanwata, ni kuma na manta da zancen shamuwa.

A shekarata ta biyu muna da darasi kan yadda ƙasar noma ke samuwa. Wata rana malaminmu ya haska mana wani hoto a bango. Wani baƙin dutse ne mai tsawo a bakin teku, ƙanƙara a kansa, ko'ina tsakuwa ce tsirara, babu itace ko ɗaya. Amma a gindin dutsen akwai wani fili kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. Ya ce wannan Svalbard ne, wasu tsibirai na ƙasar Norwe can ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan yi watanni ba ta fito ba, ta kuma yi watanni ba ta faɗi ba. Ya tambaye mu nawa muke zaton ruwan da ke sauka a garin Longyearbyen, babban garin wurin, a shekara. Kowa ya yi ta faɗin manyan lambobi. Ya ce kimanin milimita 200 ne, idan an haɗa da ƙanƙarar da ta narke. Gure tana samun wajen 300. Aji ya yi tsit. Ashe akwai hamadar sanyi kamar yadda ake da hamadar zafi.

Sai ya bayyana mana matsalar irin wannan wuri. Ƙasar noma ba niƙaƙƙen dutse kaɗai ba ce. Sai an samu abin da ya rayu ya mutu ya ruɓe a ciki, sai kuma an samu abincin tsiro, musamman azot da fosfor, waɗanda manomanmu ke saye a buhun ure da na 15-15-15. A ƙasar sanyi ruɓewa tana tafiyar hawainiya, ƙarƙashin ƙasa a daskare yake shekara da shekaru, lokacin tsiro kuma ƴan makonni ne. Tsiro na jiran ƙasa, ƙasa na jiran tsiro. Haka wuri zai zauna tsirara shekaru aru-aru, sai in wani ya kawo abincin daga waje.

Wanda ke kawowa kuwa tsuntsun teku ne. Tekun wuraren nan cike yake da abinci, tudu ne ke fama da yunwa. Akwai wata ƴar tsuntsuwa da Faransawa ke kira mergil, ba ta kai tattabara girma ba, bayanta baƙi, cikinta fari. Da rani ya yi, su kan taru dubu bisa dubu su yi ƙwai a cikin tarin duwatsun gangare. Kullum sai su tafi teku su ciko wata ƴar jaka da ke maƙogwaronsu da ƙananan halittun ruwa, su kawo wa ƴaƴansu. Abin da suka ci a teku, a tudu suke kasayar da shi. Ga gashin da suke zubarwa, ga ɓawon ƙwai, ga gawar waɗanda suka mutu. Ƙanƙara ta narke ta wanke wannan duka zuwa gangare, gansakuka da ciyawa su kama, su mutu, wasu su tsiro a kansu, a hankali ƙasa mai kauri ta taru. Ciyawa ta jawo agwagin daji da wata irin barewa da ake kira ren, su kuma su ƙara nasu takin. A arewa maso yammacin Girinlan, inda waɗannan tsuntsaye suka kai miliyoyi, masu bincike sun haƙa irin wannan ƙasa sun gano cewa ta fara taruwa ne tun zuwan tsuntsayen, sama da shekara 4,000 da suka wuce.

A ɗaya ƙarshen duniya, wato Antatika, labarin ɗaya ne. Ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba a can ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma tsiro mai fure na asalin nahiyar iri biyu ne kacal. Fengwin, tsuntsun nan da ba ya tashi sai iyo, yana cin ƙananan jatan lande a teku, ya hau tudu ya yi ƙwai. Kashinsu kan rina ƙanƙara har a hango daga sama. Da haka ne ma a 2009 masu bincike na Ingila suka gano wasu matattarar fengwin da ba a san da su ba, ta hanyar duba tabon kashi a hotunan tauraron ɗan adam. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa iska na ɗaukar tururin amoniyak daga inda fengwin da wasu dabbobin teku ke taruwa, ta kai shi nisan da ya wuce mita 1,000, kuma duk inda ya sauka gansakuka da ƙananan ƙwarin da ke cikinta sun fi yawa. Warin nan da ke sa ido hawaye, ashe shi ma taki ne ke tafiya a iska. Wasu masanan kuma a 2018 sun ƙiyasta cewa tsuntsayen teku na duniya baki ɗaya suna zubar da kimanin tan 591,000 na azot da tan 99,000 na fosfor a wuraren da suke ƙwai kowace shekara.

Sai malam ya haska hoto na ƙarshe, na tsakiyar matattarar fengwin. Babu tsiro ko ɗaya, sai taɓo da farin kashi. Ya ce a tsakiya abin ya yi yawa, yana ƙone komai, ga kuma tattakawa. Koren yana gefe, inda ruwa ya surka shi, ko kuma a wuraren da tsuntsayen suka tashi suka bari ya daɗe.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, "Mushe, ai wannan tsamiyar bayan gidanmu ce." Aji ya fashe da dariya. Wani abokina ɗan Gidigir ya ce, "Sarkin Shara ya tuna gida!" Ban san ma ya san sunan ba. Na daure na ba da labarin shamuwa da ramin Kaka da gangaren tafasa. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Zancenka yana da kama da gaskiya. Amma ta yaya ka san tsuntsun ne? Itacen da kansa yana zubar da ganye, awaki na kwana a inuwarsa, ruwa na taruwa a gangaren. Ka je ka rarrabe, sannan ka dawo ka gaya mana." Na zauna jikina a sanyaye. Na ji haushi a ranar, amma maganarsa ce ta sa na yi abin da na yi da bakans.

Kafin hutun na karanta duk abin da na samu. Labari biyu suka tsaya mini a rai. Na farko na wani tsibiri ne mai suna Surtsey a kudancin Aislan. Kafin Nuwamba 1963 babu shi sam. Dutse mai aman wuta ne ya ɓullo daga ƙarƙashin teku ya gina shi. Aka hana kowa shiga sai masu bincike, don a ga yadda rai ke kama sabuwar ƙasa. Tsiro na farko ya fito a 1965, amma shekara ashirin abin na jan ƙafa, tsiro nan ɗaya can ɗaya a cikin baƙin rairayi. Sai wajen 1985 wasu tsuntsayen teku suka fara taruwa suna ƙwai a kudancin tsibirin. Cikin ƴan shekaru wurin da suka zauna ya zama filin ciyawa, irin tsirrai ya ƙaru, domin sun kawo taki sun kuma kawo iri. Da na ga hoton baƙin rairayin nan, tudun gabashin kwarinmu na gani, launi kawai ya bambanta.

Na biyu ya fi ba ni tsoro. A tsibiran Aleutian, kusa da Alaska, masu fataucin fata sun saki wata irin yanyawa a tsibirai da yawa don ta hayayyafa su riƙa kamawa. Yanyawar ta cinye ƙwai da ƴaƴan tsuntsayen teku, tsuntsaye suka ƙare a wuraren. Binciken da aka buga a 2005 ya gwada tsibiran da aka saki yanyawa da waɗanda ba a saka ba. Inda tsuntsaye suke, doguwar ciyawa ce mai kauri. Inda aka kore su, ƙasa ta rame, sai gajerun tsirrai. Babu wanda ya sare ciyawar, babu wanda ya sa mata wuta. Hanyar da abincinta ke zuwa kawai aka datse.

Na kuma gano cewa duniya ta daɗe da sanin darajar abin da nake sharewa ina toshe hanci. Daga wajen 1840, jiragen ruwa sun yi shekaru suna jidar kashin tsuntsun teku daga tsibiran Chincha na ƙasar Feru zuwa gonakin Turai. A 1856 Amurka ta yi doka musamman don mallakar tsibiran da ke da shi, a 1864 kuma Sifaniya ta mamaye tsibiran Chincha har aka yi yaƙi. Sunansa a can guwano. Na ce lallai, ko a Hausa sunan bai yi nisa da gwano mai wari ba.

Da na isa gida a watan Yuli, shamuwa na nan, sheƙa goma sha ɗaya na ƙirga. Wannan karon da wani ido na kalle su. Su ma baya baƙi ne, ciki fari, kamar mergil, kamar fengwin. Da safe su watsu cikin daji, su bi gonaki da makiyaya da bakin tabkuna suna tsintar fara da tsutsa da kwaɗi, su dawo su amayar wa ƴaƴansu. Dajin nan mai faɗi shi ne tekunsu, tsamiyarmu ce dutsensu. Abin da ke warwatse a wurin da ƙafata ba za ta zagaye a yini ba, su suke tattaro shi su ajiye a gindin itace ɗaya. Farin da ke cikin kashin kuwa shi ne fitsarinsu, tunda tsuntsu ba ya fitsari dabam, kuma a nan azot ɗin yake.

Na nemi manyan gwangwanayen tumatir guda tara, na huda gindinsu, na ciko su da rairayin kan tudu, inda babu itace, babu akuya. Na shimfiɗa tsohon buhu a gindin tsamiya na tari kashin shamuwa zalla. Gwangwani uku na bar su haka. Uku na zuba musu ɗanyen kashi cike da hannu. Uku kuma na sa musu ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, daga wanda na shanya na bari ya kwana biyu. Na shuka hatsi a duka, ina ba su ruwa daidai wa daida. Yaran gida suka ce karatu ya taɓa mini kai. Bayan mako uku, na rairayi zalla sun fito sirara, ganyensu ɗorawa-ɗorawa. Na ɗanyen kashi, wasu ba su fito ba, waɗanda suka fito bakin ganyensu ya ƙone. Na ɗan kaɗan ɗin nan kuwa sun yi kore, sun ninka sauran tsawo. Na san gwangwani tara ba su isa a kira su bincike ba, malam zai samu abin gyara a ciki. Amma na kira Kaka na nuna mata cike da alfahari. Ta leƙa, ta ce, "To, maigida, shekara nawa ka yi a Damagaram kafin ka gano wannan?"

Ana cikin haka na ji zancen da ya tayar mini da hankali. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar babanmu. Ya gina ɗan shago a gefen tsamiyar, ya yi masa rufin kwano da kuɗin da ya sha wahalar tarawa. Wani babban reshe ya bi ta kan shagon, shamuwa na zuba masa kashi dare da rana. Kwanon ya fara tsatsa, masu sayayya na ƙorafin wari, ruwan da ke zuba daga rufin ba ya amfanuwa. Ya yanke shawara da an gama girbi zai sa a sare itacen, har ya yi magana da mai gatari.

Ku da kuka tashi a gida irin namu kun san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ja da maganar wanda ke biya masa kuɗin mota zuwa makaranta. Na san tsamiya na cikin itatuwan da dokar gandun daji ta hana a sare ba da izini ba, kuma wani abokina ya ce in tsorata shi da ma'aikatan gandun daji kawai. Na ƙi. Wanda ya kai ƙarar ubansa, ko ya ci shari'a ya faɗi a gida.

Na same shi bayan sallar isha'i yana kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina da magana in an ba ni izini." Ya ce, "To, Mushe, muna jin ka." Sai na kwashe labarin Svalbard da Surtsey da yanyawar Alaska na zuba masa, har da lambobi. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Yaro, su mutanen ƙanƙarar nan, akwai mai shago a gindin dutsen?" Na ce babu. Ya ce, "To ka gani. Kai kana Damagaram kana karanta tsuntsu a takarda, ni ke kwana da warinsa. Kwanon nan in ya huje, shamuwa za ta saya mini wani?" Na rasa amsa, domin gaskiya ya faɗa. Na tashi na ba shi wuri ina jin duk karatuna bai kai nauyin kwano ɗaya ba.

Kaka ce ta ƙarasa zancen washegari, ba ta kuma ambaci Turai ba. Ta sa ƙanwata ta ɗauko gwangwanayen nan ta jera a ƙofar shagon. Sannan ta tambaye shi nawa ya sayi tiyar takin zamani bara, da wace garka ce a kwarin ba a taɓa saya mata taki ba, da kuma kuɗin albasar wace garka aka cika aka sayi kwanon da yake magana a kai. Ta tuna masa cewa shi da kansa yake ba Fulani hatsi bayan girbi don shanunsu su kwana a gonarsa. Ta ce, "Kana biyan saniya ta kawo maka daji cikin gona. Ga wadda ke kawo maka kyauta, ba ta cin karanka, ba ta shan ruwan rijiyarka, farar da za ta ci maka hatsi ma take cinyewa." Baba Ƙarami ya yi shiru yana kallon gwangwanayen. Can ya ce, "Inna, reshen nan dai sai ya tafi." Ta ce, "Reshe naka ne. Amma ka bari baƙi su tafi tukuna."

Haka aka yi. Shamuwa ta tashi da ƙarshen damina kamar kullum, ta nufi kudu. Masu bincike daga Danmak sun taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar ƴar na'ura a farkon shekarun 2000, suka bi tafiyarsu ta tauraron ɗan adam har gabashi da kudancin Afirka. Can suke cin daminar wasu kafin su dawo tamu. Da hunturu ya shiga aka sare reshen da ke kan shago. Sheƙa huɗu suka tafi da shi.

Ba zan yaudare ku ba, ƴan'uwana. Sheƙa goma sha ɗaya ba miliyoyin tsuntsayen Girinlan ba ne, kuma shamuwa ba za ta tsayar da tudun da ke cin kwarinmu ba. Wannan aikin shingen kalimbo ne da kaba, da dashen itatuwa, da hana dabbobi shiga har wurin ya kama, irin wanda ake yi a kwarurukan Gure da Maine-Sorowa shekara da shekaru. Ni ma na yi shi da hutu, na san nauyin damin kalimbo a kan tudu da rana tsaka. Amma a wurin aikin ne na lura cewa shinge yana tsayar da rairayi ne kawai, ba ya ciyar da shi. Rairayin da ya tsaya yana nan da yunwarsa, kamar baƙin rairayin Surtsey, har sai an samu mai kawo masa abinci: ganyen da iska ta tara a gindin shinge, kashin dabba, tsuntsun da ya samu wurin sauka. Tun farin 1973 da na 1984 yankinmu ya yi asarar manyan itatuwa da yawa. Idan muna lissafin asarar, inuwa da itacen girki muke ƙirgawa. Ban taɓa jin an ƙirga tsuntsayen da suka rasa masauki ba, balle abin da suka daina kawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne sai da aka nuna mini hoton wani dutse a ƙarshen duniya kafin in yarda da abin da tsohuwa ta nuna mini da yatsa ina ɗan shekara bakwai. Ba na raina karatun. Shi ya ba ni sunan abin, ya koya mini in rarrabe in gwada. Amma na tabbata a gidan kowannenku akwai irin ramin Kaka, wani abu da ake yi tun kaka da kakanni wanda kuke wucewa kuna toshe hanci. In kun je bakans ku tsaya ku tambaya, tun masu amsar suna nan.

Bana, tun da watan Mayu ya kama, hankalina bai kwanta ba. Tsoro nake ji kada su zo su ga an taɓa musu gida su wuce. Duk kwana biyu sai na kira ƙanwata, ta ce shiru. Ran nan muna cikin shirin jarrabawa sai ga kiranta da sassafe. Ta ce sun zo, biyu shekaranjiya, yau ta ƙirga sheƙa bakwai, ana kan gina ta takwas a wani reshe na sama da ba su taɓa zama ba. Ta ce Baba Ƙarami ya fito ya ɗaga kai ya kalle su, bai ce komai ba, ya buɗe shagonsa. Sai na ji muryar Kaka daga nesa tana cewa a ba ta saƙo.

"Ki ce wa Sarkin Shara ya gama jarrabawarsa ya taho. Tsintsiya na nan inda ya bar ta."